Ruwan Farko da Hannun Baffa Nomau

Yaran yanzu idan suka biyo ta majema sai su toshe hanci, su ce ai jima ba wani aiki ba ne: a jiƙa fata, a kankare gashi, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, shi ke nan. Wani jikana har cewa ya yi wari ne kaɗai wahalar sana'ar. To, wari kam akwai shi, ban musa ba. Matata ta yi shekaru tana tura ni wanka karo na biyu kafin ta miƙo mini akushi. Amma ban taɓa ganin majemin da wari ya tayar daga sana'arsa ba. Wanda na gani da idona, ruwan ɗumi ne ya tayar da shi, kuma labarinsa nake so in ba ku, ku da kuka iya jima tun ba ku taɓa riƙe kartaji ba.

Sunana Labbo. A Tambuwal na koyi jima, a hannun ƙanen mahaifina, Baffa Nomau, wanda shi ne babba a majemar unguwarmu a shekarun da aka karɓi mulkin kai, lokacin Jihar Arewa tana ɗaya. Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, ba ya faɗa, sai dai ya yi maka baƙar magana a hankali ka kwana tana cin ka. Hannayensa sun rine sun yi baƙi har wuyan hannu, kamar na kowane tsohon majemi.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tara kashin tattabara. Gida gida nake bi da ƙwarya ina sallama, matan gida suna yi mini dariya. Da shi ake laushin fata bayan ta fito daga ruwan toka, idan babu ganyen fatakka. Sai da na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa kartaji, wato wuƙar nan mai ƙota biyu da ake kankare gashi da ragowar nama da ita a kan gungumen icce. Ranar farko na danna ta da ƙarfina duka, don in nuna ni ma namiji ne. Baffa ya tsaya a kaina ya ce, "Labbo, wagga akuya an riga an yanka ta. Ba sai ka sake ba."

Fatar jar akuya ita ce abincinmu. Idan ta zo a bushe sai a jiƙa ta ta saki. Daga nan ta kwanta cikin ruwan toka har gashi ya fara bin yatsa. A kankare, a wanke, a sa ta cikin kashin tattabara ta yi laushi, a sake wankewa. A wannan gaɓar fata fara ce sol, mai santsi, kuma ba ta da wani ƙarfi, don toka ta buɗe ta, bagaruwa kuma ba ta shige ta ba tukuna. Sai ta sha bagaruwa sannan ta zama fatar da kuka sani. Bayan nan a shafa mata man gyaɗa, a murza, a buga, a rina ta ja da karan dafi ko baƙa da kashin maƙera. Dukawa su zo su saya, su yi takalma da gafakar Alƙur'ani da zabira da kayan doki. Baduku ba ya yabon fata, ku riƙe wannan. Idan ya murza ta ya shinshina ya ce "ba laifi", to ranar kun yi aiki.

Haɗa ruwan bagaruwa na farko shi ne aikin da ba kowa ke yi ba. Da bazara rana ce ke ɗumama mana ruwa, ba ruwanmu da wuta. Amma da ɗari, ruwan sanyi ba ya jawo ƙarfin bagaruwa, dole a dafa wani a sirka. Al'adar majemarmu kuwa ita ce, ruwan farko na babba ne. Shi zai sirka, shi zai tsoma hannunsa har wuyan hannu ya ce "ƙara" ko "ya yi", shi zai jera fatun da kansa, ya rufe kwatarniyar da tabarma. Mu sai can da hantsi, bayan ruwan ya huce, za mu zo mu fara cuɗa. Ba a tsoma hannu bayan babba. Wanda ya yi haka kamar ya ce masa ƙarya kake a gaban mutane. Tururi kuma ba ya gaya maka komai, don da safiyar ɗari ko ruwan alwala mai ɗumi tururi yake yi.

A wajen wannan lokacin muka samu rabin duro na ƙarfe, muka daina dafa ruwa a tukunyar ƙasa. Mun yi murna da shi, don kafin ka gama gaisawa da mutum ruwa ya yi zafi.

Bagaruwar kuwa Inna Kulu ce ke kawo mana. Mutuniyar Fakku ce, aure ya kawo ta Tambuwal, mijin ya rasu ya bar ta da marayu. Danginta can ƙasar Kebbe suke tsinto mata bagaruwa su aiko a kan jakai. Ita ta shanya, ta daka, ta sheƙe ƙwallayen, ta tankaɗe. Tata ba ta da tsakuwa, ba ta da ruma. Mu da sauran majema uku na garin duk wurinta muke saye, haka matan gari masu jego da masu neman maganin miki. Da wannan turmin take ciyar da gidanta, ba ta da gona, ba ta da wata hanya.

Ɗarin shekarar da nake ba ku labari, ni na riga na yi aure har da 'ya'ya, kuma na zama na biyu a majema. Wata safiya muka ɗaga tabarma, muka tarar da abin da ban taɓa gani ba. Fatun duk sun tsuke. Fatar da ta shiga da faɗin da mutum zai zauna a kai ta fito ba ta fi faifai ba, ta yi kauri, ta nannaɗe ta baki, tana danƙo kamar ganda. Na ja ta da hannu biyu, ta miƙe kaɗan ta koma. Da muka shanya ta sai ta bushe ƙarau, ka lanƙwasa ta karye. Kwatarniya guda cur, ba wadda ta tsira.

Washegari kuma fatu suka fito lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki aka sake yin asarar wata kwatarniya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, babu tsaka-tsaki. Ban taɓa ciro fatar da ta ɗan lalace ba. Ko dai ta fito garau, ko ta zama ganda. Dukawa suka fara komawa wasu majema. Mahauta da Fulanin da ke kawo mana fatunsu a jeme musu suka fara tambayar ko lafiya.

Kun san mutane. Wani ya ce baki ne, wani ya ce duron ne ke da tsatsa. Daga baya wani ya ce ai bagaruwar Kebbe ta bana tana da zafi, ita ke cinye fata. Wannan magana ita ta zauna, don ta fi sauƙin faɗi. Ranar da Inna Kulu ta zo da ƙwaryarta a ka, Baffa ya ce mata ta koma da ita.

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ce, "Malam Nomau, shekara nawa nika kawo maka bagaruwa? Yaushe tat taɓa ƙone maka fata?"

Baffa ya ce, "Kulu, ba ni nac ce ba. Fata tac ce."

Muka aika Dogon Daji aka sayo wata. Sai kuma aka yi rashin sa'a, ko in ce sa'a, zazzaɓi ya kwantar da Baffa a daidai lokacin. Haɗa ruwan farko ya dawo hannuna, kuma ko fata ɗaya ba ta lalace ba. Shi ke nan magana ta tabbata. Ni kaina na yarda. Sauran majema suka daina saye wurin Inna Kulu. Matan gari suka ce abin da ke cinye fatar akuya ba za a sa wa jariri ba. Turminta ya yi shiru. Na riƙa ganin ta tana surfe a gidajen mutane ana ba ta dusa da ɗan tsaba.

Ana cikin haka Malam Haliru ya zo zagaye. Malamin fatu ne, yana yawo a keke yana koya wa mahauta fiɗa ba tare da yanke fata ba, da shanya ta a inuwa a ɗaure a kan firam na icce maimakon a ƙasa. Mutumin gabas ne, ya yi makaranta, kuma ba ya toshe hanci idan ya shigo majema, shi ya sa muke shiri. Na nuna masa fatun da suka lalace. Ya juya ɗaya, ya karya bakinta, ya ce, "Malam Labbo, wannan ba aikin bagaruwa ba ne. Zafi ne."

Na ce masa ba zai yiwu ba, ai da zafi ne da mun ga wasu sun ɗan taɓu, wasu sun taɓu sosai, gwargwadon ɗumin ruwa.

Ya ce in kawo masa tukunya da ruwa da ɗan zirin fatar da ta fito daga toka. Ya ɗaure zirin da zare ya saka a ruwa, ya sa wani siririn gilashi na auna zafi, muka hura wuta kaɗan kaɗan. Ruwa ya yi ɗumi, ziri yana nan miƙe. Ya ƙara ɗumi, yana nan. Ya kai inda yatsana ba ya iya zama a ciki, yana nan kamar ba abin da ke faruwa. Har na fara shirin yi masa dariya. Sai kawai na ga zirin ya motsa kamar mai rai, ya nannaɗe, ya koma kusan sulusin tsawonsa kafin in gama cewa subhanallahi.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce fata zare ce, zarurruka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowane uku a murɗe da juna kamar igiya, igiyoyin kuma a jere. Kowane murɗi yana riƙe da na kusa da shi. Idan ruwa ya ɗumama, nan da can wani murɗi yakan saki, amma maƙwabtansa na riƙe, sai ya koma ya kama. Haka suke ta yi, saki da kamawa, kai kuma a waje ba ka ganin komai. Amma akwai wani zafi da idan an kai shi, masu saki sun fi masu kamawa yawa, wanda ya saki ba ya samun mai riƙe shi, kuma sakinsa na sa na gaba ya saki. Sai duk su warware lokaci ɗaya, kowane zare ya dunƙule yadda ya ga dama, fata ta gajarce. Ya ce ba wanda zai iya faɗin zaren da zai fara saki, amma da yake suna da yawa ƙwarai, zafin da dukkansu ke tashi a kansa kusan ɗaya ne kullum. Toka tana saukar da wannan iyaka, bagaruwa kuma tana ɗaga ta, don ɗaure zaren take yi da juna. Muka gwada da zirin jemammiyar fata a ruwan nan, ko gezau bai yi ba.

Na ce, "To, in an mai da ta ruwan sanyi, ba ta komawa?"

Ya ce, "Ba ta komawa. Wa yake auna muku ruwa?"

Na ce Baffa ne, kuma hannunsa bai taɓa kuskure ba tun kafin a haife ni. Malam Haliru ya nannaɗe gilashinsa cikin tsumma ya hau kekensa.

Da Baffa ya warke ya dawo aiki, sai na fara lura da shi. Wata safiya ya zo sauke duron daga murhu. Mu da tsumma muke kama bakinsa, shi kuwa ya kama da hannu, ya ja shi gefe yana ci gaba da yi mini maganar wani baduku. Na dubi yatsunsa, fatar biyu daga ciki ta tashi fari. Hannun rigarsa ya zame, na ga wani tabo mai haske a damtsensa.

Na ce, "Baffa, hannunka ya ƙone."

Ya ɗaga hannun ya duba, ya ce, "Yaushe?"

Duk wanda ya girma a ƙasarmu a wancan zamani ya san ciwon da ke fara ɗauke ji daga yatsu. Kuma ya san abin da ke biyo bayan sunan kuturta: a ware maka ƙwarya, a daina ba ka hannu, a daina sayen abin da ka taɓa.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a gindin durumin majema. Na gaya masa abin da Malam Haliru ya nuna mini. Ya saurara har ƙarshe yana kallon hannunsa. Ya ce tun damina yake jin yatsun kamar ba nasa ba, amma ya ɗauka tsufa ne da toka, bai taɓa kawo wa ransa cewa su ne ke cin fatun ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji tsoro, don sunan gidanmu ɗaya ne. Na ce masa ga dabara: ni zan riƙa fitowa da wuri in sirka ruwa, shi ya zo ya tsoma hannu ya ce ya yi, kamar kullum. Ba wanda zai sani.

Ya ce, "In munka yi haka, fata ta tsira, ni ma na tsira. Kulu fa?"

Na ce sai mu koma sayen tata.

Ya ce, "Mu kaɗai? Sauran majema fa, da matan gari? A gaban mutane nic ce fata tac ce. Kai ka san majemi ba shi yarda da magana sai ya gani ga fata."

Washegari da safe ya aika aka kira manyan majema ukun, da wasu dukawa, aka kuma kira Inna Kulu, ya ce ta zo da bagaruwarta. Ta zo ta tsaya can nesa da ƙwaryarta, ta rame. Baffa ya zuba garinta a kwatarniya, ya sirka ruwa yadda ya saba, ya tsoma hannu ya ce ƙara, na ƙara na zafi, ya sake cewa ƙara, sannan ya ce ya yi. Sai ya juyo ya faɗi abin da ban taɓa jin wani babba ya faɗa ba.

Ya ce, "Ku taɓa."

Ba wanda ya motsa. Ya kira sa'ansa, babban majemar ƙofar gari, ya ce, "Kai nika roƙo. Taɓa wanga ruwa." Tsohon ya tsoma yatsu ya fizge su da sauri yana yarfewa, ya ce, "Nomau, wanga ruwa na fige kaza na!"

Baffa ya ɗauki zirin farar fata, ya riƙe shi, ya nutsar da hannunsa cikin ruwan ya bar shi. Kowa ya matso. Ba a jima ba zirin ya nannaɗe ya kama yatsunsa. Na kama damtsensa na ciro hannun, don shi ba zai ciro ba. Ya sa aka sirka sauran ruwan da na sanyi har ya dawo ɗumin da hannun kowa ke iya zama, ya ce in saka wani zirin. Wannan ya kwanta lafiya, ya fara shan launin bagaruwa.

Ya ɗaga hannunsa, zirin yana maƙale, ya ce, "Kun gani. Fatar akuya matatta ta ji zahi, hannuna bai ji ba. Bagaruwar Kulu ba ta da laihi. Ni ad da ciwo."

Na ga mutane suna ja da baya kaɗan kaɗan, har waɗanda suka ci tuwo ƙwarya ɗaya da shi tun suna yara.

Daga ranar Baffa bai sake taɓa fata ba. Ya riƙa zuwa karɓar ƙwayar magani da ake rabawa masu irin ciwonsa ranar kasuwa, ciwon ya tsaya, amma jin yatsun bai dawo ba, kuma wasu dukawa ba su sake takowa majemarmu ba har ya rasu. Turmin Inna Kulu ya dawo aiki kafin ɗarin ya fita. Mu kuma muka canza al'ada. Har gobe a majemata ba a jera fatu sai an fara jefa ziri, kuma mutum biyu ke taɓa ruwan farko. Ni da tsufana, ɗana yana tsoma hannu bayana, kuma ranar da ya ji kunya ya ƙi, ranar zan yi masa faɗa.

Amma ita wannan safiyar, da mutane suka watse, mutum ɗaya ce ta matso. Inna Kulu ta ajiye ƙwaryarta, ta durƙusa, ta tankaɗe garin bagaruwa mafi laushi a kan bakin zanenta. Ta kama hannun Baffa da hannunta, ba tsumma ba komai, ta cire zirin, ta fara barbaɗa garin a kan ƙunar.

Ta ce, "Sannu, Malam Nomau. Shina yi maka zahi?"

Baffa ya ce, "Kulu, da shina yi, da ba ki yi surhe gidan kowa ba."